Ƙorafi Kan Garejin Kawun Kowa

Daga: Odessa Whitlock, malamar aji huɗu, Firamaren Unguwar Larkin
Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Kwamitin Adana Tarihi, Birnin Marlow, Ohio
14 ga Afrilu, 1997

Game da: Ƙin sanya garejin Cleophus Tarver cikin wuraren tarihi

Ranka ya daɗe,

Mutanen Larkin baƙaƙen fata ne, ma'aikatan masana'antar ƙarfe da masu wanki. A shekarun 1950 tasi ba ta shiga unguwarmu, ko mace na naƙuda, kuma ba a ba baƙar fata lasisin haya. Sai Malam Tarver ya shiga jigilar mutane a ɓoye. Fasinja kan zauna a gaba, in ɗan sanda ya tare su, sai fasinjan ya rantse cewa direban kawunsa ne.

Ɗalibaina, cikinsu har da jikarsa Lenora, sun roƙi a ceci garejinsa daga rusau ranar 30 ga Yuni. Ga kokena:

1. Ranar 4 ga Fabrairu ofishinku ya nemi lambar lasisinsa, wato lasisin da aka hana shi.

2. Ranar 19 ga wata muka kawo takardun 'yan sanda: an tare shi sau sittin da uku, kowane karo da ɗan ƙanwa daban. Kwamiti ya yanke cewa babu shaidar sana'a, mutum ne kawai mai yawan dangi. Tsohon ba shi da ƙanwa ko ɗaya.

3. Ranar 11 ga Maris aka tura mu sashen tarihin iyali, suka ce mu kawo takardar haihuwar kowane ɗan ƙanwa.

4. Malam Tarver ya je ofishinku da kansa, yana da shekara tamanin da huɗu. Mai gadinku ya tashi ya ce, “Kawu! A motarka aka haife ni!” An rubuta wannan ma a matsayin ƙarin shaidar dangantaka.

Ina roƙo da girmamawa a dakatar da rusau, a saurari fasinjojin da suka rage, su goma sha ɗaya. Sun yarda su janye rantsuwarsu.

Na haɗa da abin da Lenora ta rubuta a aji, ban gyara ba: “Kakana ya kai mutane asibiti. Da ya faɗi gaskiya da an ɗaure shi. Yanzu ya faɗa, an ce ƙarya ce.”

Allah ya ƙara wa Shugaba haƙuri da basira.

Mai biyayya,
Odessa Whitlock