Na Kori V Daga Kwamfutarki

Maman Afra'u,

Na wuce garin Obi kina kasuwa, sai la'asar zan dawo. Kafin ki kunna kwamfutarki, ki zauna ki karanta wannan.

Kullum kina kukan ƙaramin yatsanki yana ciwo. Na duba na ga harafin A ne ke ba shi wahala, don Hausa ba ta taku biyu babu A. Shi ne na dawo da shi tsakiya, ƙarƙashin manuniya. Da abin ya yi mini daɗi, sai na kori V da P da X, na ba Ɗ da Ɓ da Ƙ wurinsu. Na ce me Bahaushe zai yi da V?

Na manta yau za ki buga sakamakon jarrabawa, kuma rabin ajinki 'yan ƙabilar Tibi ne. Na gwada sunan Terver da ya zo na ɗaya, ya fito Terɗer. Na kasa mayarwa, Torkuma mai gyara kuma ya ce sai jibi.

Ki yi haƙuri, ki riƙa barin gurbi, ki cike V ɗin da biro. Na ƙirga miki su, arba'in da ɗaya ne kacal.

Mahmuda