Kwalba a Hammata

Laraba, bayan Isha'i, daminar 1994

Alhamdu lillahi, yau na fita kunya. Da safe aka kawo mana, a ɗakin gwaji na asibiti, abin da aka shafo daga bakin wata jaririya. Wani farin abu ya rufe mata harshe, ta kasa shan nono. Na zargi ƙwayar cutar nan dangin funfuna. Gwajin kuwa sai an sa ta cikin ruwan jini a 'yar kwalba, a bar ta a ɗumi irin na jikin mutum, a ga ko za ta fid da zare.

Ina sa kwalbar a na'urar ɗumamawa aka ɗauke wuta. Malam Garba, babbanmu a ɗakin gwaji, ya ce, "Hajara, zubar kawai, sai gobe." Gobe? Uwar yarinyar da ƙafa ta tako daga bayan dutsen Kufena!

Na toshe kwalbar, na naɗe a leda, na cusa a hammata. Awa biyu da rabi ina zaune kamar mai karaya.

Da na duba a madubin gwaji da hasken taga, ga kowace ƙwaya ta tsiro da zare ɗaya ta gefe guda. Yadda na karanta ke nan: sinadaran furotin ke taruwa wuri ɗaya, su tura girman ta can kawai, har ƙwayar ta huda nama. Malam Garba ya daɗe yana leƙawa, sannan ya ce, "Rubuta sakamakon, ki sa hannunki." Uwar ta tafi da magani.

A gida da Inna ta ji, ta yi ta faɗa, ta hana ni taɓa tuwo sai da na yi wanka. Amma ɗazu na jiyo ta a gindin katanga tana ba maƙwabciya labarin, har da ƙari.