Na Cire Sunanka, Ishaku

Zuwa ga ɗan'uwana Ishaku,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan wasiƙa ta same ka cikin ƙoshin lafiya, a duk ƙasar da kake. Mutanen Ollelewa suna gaishe ka. Mama, mahaifiyarka, tana nan Tanut lafiya, sai ciwon gwiwar nan da ka sani. Na rubuto a nan intanet inda kowa zai gani ne domin lambarka ta daina shiga tun saƙonka na ƙarshe daga Agadas, ranar da ka ce gobe motarku za ta kama hanyar Libiya. Damina ta zo ta wuce, wata ma ta bi bayanta. Wataƙila wani a can zai karanta ya ce ya san wani dogon mutum mai wushirya da ba ya yarda a kayar da shi a gardama.

Ga abin da ya sa na rubuto. Wata mujallar ilimin halittu ta karɓi takardarmu ta murzuna, tsutsar nan ta gero. Za a buga ta, amma babu sunanka cikin marubuta. Ni na cire shi da hannuna, kuma tun ranar raina bai kwanta ba.

Kana tuna yadda muka fara? Mu biyu a kan babur ɗin jami'a, da 'yan buhunan garara cike da ƙananan ƙwarin da muka reno a labo, ɗakin bincikenmu, muna yawo gona gona muna cewa su za su kashe tsutsar da ke cinye zangarniyar gero. Kawuna ya dube mu sama da ƙasa ya ce shekarun da muka yi muna karatu a lakwal ashe ƙudaje muka koyo kiwo. Ni na ji haushi. Kai kuwa dariya ka yi har da riƙe ciki, ka kuma shanye masa fura.

A daminar farko ƙwarin mutuwa suke yi cikin buhu tun kafin su fito. Na ɗora laifin a kan labo, na ɗora a kan hanya, har mai facin da ya gyara mana taya sai da ya samu rabonsa. Kai ne ka tsuguna ka taɓa buhun da tsakar rana ka ce, "Habu, ƙwaro ma yana son inuwa." Daga nan muka daina rataya su a kan sanda a tsakiyar gona, muka koma ɗaure su ƙarƙashin rumbu. Duk abin da ke cikin takardar nan, da jadawalinta da zane-zanenta, a kan wannan maganar taka ya tsaya. Ni lissafi kawai na yi na tabbatar da ita.

Ranar Juma'a kai ke tsare kayanmu a kasuwar Belbeji har in fito masallaci. Ranar Lahadi ni ke ƙirga ramukan tsutsa a zangarniya ni kaɗai, kai kana coci kana waƙa da wannan muryar taka da ba ta da daɗi. Ba mu taɓa zama muka shirya hakan ba, haka kawai ya kasance.

Da muka zo rubutu, Turancinka ya fi nawa, ni ma Faransancin da nake taƙama da shi bai yi mini rana ba. Mujallar farko ta mayar mana da takardar ba tare da an ba kowa ya duba ba. Ta biyu ta ba masu dubawa, ɗaya ya yaba, ɗayan ya cika shafi da tambayoyi. Ka ce wannan na biyun da gani matarsa ce ta ɓata masa rai da safe. Amma ka zauna ka amsa masa ɗaya bayan ɗaya, cikin ladabi, duk da haka suka ƙi.

Sai aikin ya ƙare. Gurbin digirin dakta ɗaya ne, aka ba ni. Ka rungume ni a ƙofar labo ka ce dama kaina ya fi naka girma, dole a cika shi. Na yi dariya, kuma ban tambaye ka me za ka yi ba. Bayan girbi na ji ka tafi.

Ni kaɗai na ƙarasa gyaran. Na rage tsawon taƙaitawa, na sake jera littattafan da muka ambata yadda mujalla ta uku da na zaɓa take so, na sake zana hotuna. Na tura da sunanka a farko, nawa na biye, na malaminmu a ƙarshe. Abin da ban sani ba shi ne, wannan mujallar tana aika wa kowane marubuci saƙon imel, sai ya amsa da kansa cewa ya karanta kuma ya yarda. Ni na amsa, malam ya amsa. Naka yana can cikin akwatin da babu mai buɗewa.

Editar mujallar ta rubuto tana tambaya. Na yi mata bayani dalla-dalla. Mace ce mai kirki, ta jajanta mini, sannan ta ce dokarsu ba ta bari a sa sunan mai rai a kan abin da bai amince da shi ba. Amma akwai wata hanya. Idan marubuci ya rasu, ana barin sunansa, a sa ɗan ƙaramin gicciye a gefensa, muddin wani daga cikin iyalinsa ya sa hannu cewa ya rasu kuma sun yarda.

Ka gani, Ishaku? In kana raye, sai in cire ka. In ina son sunanka ya zauna a inda ya cancanta, sai in je in karɓo shaidar mutuwarka.

Ba zan ɓoye maka ba, na yi tunanin buɗe sabon imel da sunanka in amsa a madadinka. Na san yadda kake rubutu, har inda kake sa waƙafi. Ban yi ba, kuma ba tsoron Allah kaɗai ya hana ni ba. Tsoron a kama ni a kore ni daga jami'a ya fi yawa.

Sai na buga takardar da za a sa wa hannu, na ninke ta a aljihu, na hau mota zuwa Tanut. A hanya ina ta shirya maganar. Zan ce wa Mama ai sharaɗin Turawa ne kawai, ba ya nufin komai, in ka dawo sai a goge.

Na tarar da ita a tsakar gida tana tsince wake. Ta sa aka kawo mini ruwa, ta tambayi matata Hadiza da jaririyarmu, ta yi mini faɗa don na rame. Kafin in buɗe baki ta ba ni labarin cewa fasto ya zo da dattawan coci, sun ce ko za a yi maka addu'ar tunawa don hankalinta ya kwanta. Ta ce ta gode musu ta sallame su. "Ban ga gawa ba," in ji ta, "ba zan zauna a zo a yi mini gaisuwa ba."

Takardar ba ta fito daga aljihuna ba. Na ci tuwon da aka sa mini, ban ji ɗanɗanonsa ba. Da zan tafi ta raka ni har zaure tana ɗingishi, ta ce, "Aikin nan naku in ya fito ka kawo mini. Ko ban iya karanta sauran ba, sunansa zan gane." Na ce to, Mama.

Da na koma Damagaram na buɗe na'ura na goge sunanka daga saman shafi. Na mayar da shi can ƙasa, wurin godiya, inda ake ambaton waɗanda suka ara wa mutum mota. Na rubuta cewa kai ka gano batun inuwa, kai ka tsara gwajin. Editar ta yarda da wannan. Yanzu sunana ne na farko.

Ina so in ce domin ka na yi, domin kada in kashe ka a takarda. Akwai wannan a ciki. Amma akwai hanya ta uku da ban bi ba, ita ce in janye takardar in jira ka. Jami'a ba za ta bari in kare kundina ba sai da takardar da aka buga, ga iyali, ga shekaru suna tafiya. Na auna, na zaɓi kaina. Ina jin kunyarka, ɗan'uwana, kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Duk wanda ya taya ni murna a harabar jami'a sai in ji kamar na sa rigar wani.

Sun turo mini shafukan ƙarshe in duba kafin a buga. Editar ta ce muddin ban mayar ba, layi ɗaya daga gare ka ya isa a mayar da sunanka wurinsa. Ina riƙe da su, ina ta kawo uzuri, amma ba za su jira ni har abada ba. In wannan ta same ka, ko ta bakin wani ne, ka ari waya ka rubuto. Ka zage ni a ciki in kana so, ni zan tura musu da zagin.

In kuma ba ka rubuto ba, za a buga a haka, kuma zan kai wa Mama kamar yadda na yi alkawari. Za ta duba sama ba ta gan ka ba. Sai in buɗe shafin ƙarshe in sa yatsa a kan ƙananan haruffan, in gaya mata gaskiya: a nan kaɗai ake iya sa sunan wanda ake jira.

Allah ya tsare ka a inda kake, ya ba ka ruwa da inuwar kwana, ya haɗa ka da mutanen kirki. Allah ya dawo da kai gaban mahaifiyarka da ƙafafunka. Ya kuma ba ka zuciyar yafe mini, in na cancanta.

Naka, wanda ke zaune a gurbinka,
Habu