An Hana Ni Zaman Makokin Mbagnick

Anti Daba, don Allah ki taimake ni, ba ni da wanda zan buɗe wa cikina. Ni tela ne a Rufisque, shekarata hamsin da takwas. Shekara ashirin da shida muna tare da Mbagnick. Unguwa ta ɗauka abokai ne kawai, mu kuwa ƙaunar juna muke. Ya rasu watan jiya. 'Yan uwansa sun ji ƙishin-ƙishin, suka hana ni zaman makoki, suka kai shi wani ƙauye wai kada a tone kabarin. Ko sunan ƙauyen ba su faɗa mini ba.

Lokacin da nake yaro, irinmu ne ke girka shinkafa da kifi a gidajen biki, manyan mata na ji da su. Yanzu sai kamu da jifa. An taɓa kulle ni a gidan yari wata takwas, na fito na buɗe shago. Aka fasa ƙofar, na gyara. Amma wannan karon na gaji.

Ƙanwata Coumba da ke Faransa ta ce in taho. Sai dai duk Lahadi mutum shida irina suna shan shayi a shagona, nan kaɗai suke dariya ba waiwaye. In tafi ko in zauna?

Tela mai baƙin ciki

Ɗan uwana, Allah Ya ji ƙan Mbagnick. Rashin abokin zama ka yi, ko da ba wanda ya zo maka gaisuwa. Tara mutanen nan shida ku yi masa addu'a, ku ci abincin da yake so. Cikin danginsa kuma nemi mace mai sanyin hali, a hankali za ta faɗa maka ƙauyen.

Tafiya ba ragwantaka ba ce, wanda ya sha ɗauri ya san abin da yake gudu. Amma baƙunta a shekarunka ba wasa ba ce, kuma ba a yanke shawara da ɗanyen hawaye. Ka shirya takardunka, ka riƙe lambar lauyan da ka amince da shi. Shayin Lahadi kuwa ku riƙa zagayawa da shi, kada nauyin kowa ya rataya a wuyanka kai kaɗai. Bayan wata shida, in barazana ta ƙaru, ka tafi ba tare da jin kunya ba. In ta lafa kuma zuciyarka na nan, zauna, garinku ne.

Allah Ya tsare ka, Ya sanyaya maka zuciya.

Anti Daba