Bakan Jan Zakara

Hamilton, Ohio
Litinin, 11 ga Agusta, 1986

Zuwa ga mahaifina,

Baba, so nake ka zo. Ka zo kafin Asabar ta sama, ka taho da injin huda ƙarfenka. Ka yafe mini da na fara da buƙata kafin gaisuwa. Ƙanwarka ma, Gwaggo Opal, da take rubuta mini, sai da ta ce ba haka ake wasiƙa ba. Na ce ta rubuta kawai yadda ya fito daga bakina.

To, ina gaishe ka da kyau. Yaya gwiwar nan taka? Yaya Mama da tarinta? Mu nan lafiya lau. Jikarka Nettie ta yi haƙori biyu, ta fara rarrafe, ba abin da ba ta kaiwa baki.

Maganar mijina Dewey ce, da motar nan. Ka san ta ai, Jan Zakara, tsohuwar motar tseren Mista Stamper, ku ne 'yan zamaninta. Tun lokacin sanyi shi da Dewey suka jawo ta daga rumfar da ta shekara ashirin a ciki, ɓeraye sun yi gida a kujera, suka kawo ta garejin bayan gidanmu. Sun kwance ta tas, sun kankare tsatsa, sun gyara inji, har zakaran da ke jikin ƙofa sun sa an sake zanawa. Yanzu ana yayin tseren tsofaffin motoci, ranar 23 ga wata za a yi a filin da ke bayan gari. Dewey ne zai tuƙa.

Ni ban iya lissafin ajinsu ba. Dewey ya gwada mini da kwalbar gishiri da ta sukari a kan tebur, wai ana duba girman inji ne a duba nauyin mota, sai a ce wannan ajin A, wannan ajin B. Kuma duk gudu ɗaya sai an hau sikeli, in ka gaza ko da laba ɗaya an kore ka. Jan Zakara a ajin B take tun asali, Mista Stamper ya ce a nan za ta zauna. Ko ƙusa ɗaya ba ya so a canza. Wai mutane abin da ya yi gudu a 1965 suke zuwa gani, ba sabon ƙarfe ba.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Ka san bakan ƙarfen nan da ake kafawa a bayan kujerar direba, wanda in mota ta kife shi ke tare rufi. Ran da suka cire shi za su yi masa fenti, sun jingine shi a sandar shanya. Nettie ta doshe shi da rarrafe. Na sure ta na saɓa a kwankwaso, na kai ɗaya hannun don in ture shi gefe. Baba, da hannu ɗaya na ɗaga shi sama. Ni da na tashi ina jan bututu a shagonka, na san abin da mai wannan kauri ya kamata ya yi wa kafaɗata.

Na gaya wa Dewey. Ya yi dariya, ya ce ɗaukar Nettie ce ta ba ni damtse, nan gaba ni zai riƙa kira in ɗaga masa mota maimakon jak. Ya nuna mini wani ɗan rami a gefen hagu, daidai kafaɗar direba. Ya ce nan masu duba mota suke zura waya su auna kaurin ƙarfe, kuma ya auna da kansa, ya cika har ya yi yawa. Ya ce motar ta hau sikeli, nauyinta cif.

Da suka fita sai na ɗauko cokali na ƙwanƙwasa, yadda ka koya mini. A bakin ramin, ƙarar a daƙushe take, irin ta ƙarfen kirki. Na matsa taƙi ɗaya, sai na ji kamar gwangwanin madara. Har ɗaya ƙarshen haka yake.

Kuma in nauyin ba ya jikin bakan, ina yake? Na ga ranar da za su mayar da bambar baya, su biyu ƙarti suna nishi. Dewey ya ce dalma ce aka narka a ciki don tayoyin baya su kama ƙasa, kowa na yi.

Ban yarda da Mista Stamper ba. Shi da kansa ya yi wa bakan fenti, har shafi uku, ya hana Dewey taɓawa. In na kai musu kofi sai ya daina magana. Motarsa ce, sunansa ne a jiki, amma wai bayansa na ciwo ba zai tuƙa ba. Jiya na gan shi ya ɗauki batir shi kaɗai.

Motar nan in ta tashi, gabanta sama yake yi, Dewey ba ya ganin hanya sai ta sauko. Ba wanda zai saurare ni, mai aji uku a firamare, amma kai mai walda ne, in ka huda ka ce ga shi, magana ta ƙare.

Ka gai da Mama. Kada ka tayar mata da hankali tukuna.

Ni ce 'yarka,
Verna


Hamilton, Ohio
Litinin, 18 ga Agusta

Baba,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya, kai da Mama. Allah ya sa ba ciwo ne ya hana ka amsa mini ba. Kullum ina zuwa akwatin wasiƙa sau biyu. Na kira kantin Mullins da ke bakin hanyarku, matarsa ta ce ta ba ka wasiƙata hannu da hannu ranar Alhamis, ka karanta a tsaye, ka manta da gwangwanin kofin da ka je saya.

Ranar Asabar sun tayar da injin a ƙofar gida. Tagogi suka hau rawa, Nettie ta ƙwala ihu, maƙwabta suka fito suna tafi. Dewey ya cire hular kwano yana murmushi kamar an ba shi duniya. Ban taɓa ganinsa haka ba, ko ranar aurenmu. Shi ya sa abin yake mini wuya. Shekara shida yana canza wa mutane mai a gareji, wannan ne karo na farko da aka ce masa direba.

Jiya bayan coci na yi wa Dewey magana a hankali, ko za a sa sabon baka a yi masa fenti iri ɗaya, wa zai sani. Ya ajiye burodin masararsa. Ya ce in aka canza, nauyi ya canza, a sake rage dalma, a sake awo, ga kwana shida kacal, kuma Mista Stamper zai karɓe motarsa ya ba wani. Ya ce in ina tsoro ne in faɗa masa ina tsoro, in daina fakewa da cokali. Har na fara tunanin ko shi ma ya sani. Allah ya yafe mini, na yi wannan tunanin a kan mijina.

Yau da safe da Dewey ya tafi aiki, Mista Stamper ya zo goge motar. Na goya Nettie na shiga garejin na rufe ƙofa. Na ce masa bakan nan bututun salansa ne, an cusa guntun ƙarfe mai kauri a daidai ramin awo, in ƙarya nake ya musa. Bai musa ba. Ya ci gaba da goge fitila, ya kira ni 'yar makaniken cokali, ya ce a zamaninsu wanda bai yi dabara ba ƙura yake sha. Na ce zan kira babana ya zo ya huda. Sai ya juyo ya dube ni.

Ya ce, "Kira shi mana, yarinya. Babanki Hollis ne ya yi shi da hannunsa. Guda biyu ya yi mana a mako ɗaya, na Jan Zakara da na Baƙin Zakara."

Talata.

Jiya wasiƙar ta tsaya a nan. Ina faɗin wannan maganar Gwaggo Opal ta rubuta ta, ta kai ƙarshe, ta ajiye biro, ta fita ta ƙofar baya. Na ɗauka wake ta je dubawa a kan wuta. Da ta daɗe na leƙa, na same ta tsaye a wurin igiyar shanya, ba kaya a jikin igiyar.

Baba, ni ban sani ba. Shekarata biyu lokacin. Abin da aka gaya mini kawai shi ne mijinta, Kawu Harlan, ya rasu a filin tsere. Ba wanda ya taɓa faɗa mini sunan motar. Yau da safe ta gaya mini, Baƙin Zakara ce. Ta ce ta kife sau ɗaya tak, ba ma da gudu sosai ba, rufin ya sauko har kujera. Ta ce ku duka, kai da Mista Stamper, kun ce mata ba ƙarfen da zai iya tare wannan, kuma an duba motar da safe an ce lafiyarta ƙalau.

Na ce in nemi wani ya ƙarasa mini rubutun. Ta ce a'a, ita ta fara.

Yanzu na tuna abubuwa. Ko a talabijin aka nuno tseren mota sai ka tashi ka kashe. Ran da na kawo maka Dewey, tambayarka ta farko ita ce ko yana tsere. Kuma bututun lilon yara ma sai ka ƙwanƙwasa shi sau goma kafin ka bari mu hau.

Mista Stamper maƙaryaci ne, na sani. Ina so wannan ma ta zama ƙarya. Ka faɗa mini da bakinka. In ba za ka iya zuwa ba, ka aiko da kalma ɗaya, ko eh ko a'a. Ranar Juma'a ake duba motoci.

Ina gaishe ka, ina gai da Mama.

'Yarka,
Verna


Hamilton, Ohio
Juma'a, 22 ga Agusta

Baba,

Ina fata kana lafiya, da Mama. Mu ma lafiya, dukanmu uku, kuma yau na san abin da nake faɗa in na ce haka.

Katinka ya iso jiya. Gwaggo Opal ta karanta mini. Ba gaisuwa, ba suna, sai dai "Kada ki bar shi ya shiga motar nan." Na sa ta maimaita, ko akwai wani abu a baya. Ta juya katin ta nuna mini, fari fat.

Yau da hantsi muka tafi filin, ni da ita da Nettie. Motoci jere a rana, ana tura su ɗaya bayan ɗaya zuwa sikeli. Shugaban masu duba mota wani tsoho ne, Mista Ledford, da fensir a bayan kunne. Jan Zakara ta hau sikeli ta cika. Ya zura wayarsa a ramin, ya gyaɗa kai, har ya ɗauko takardar da ake mannawa a gilashi. Sai na ratsa maza na je gabansa. Na ce ya auna taƙi ɗaya daga ramin nan ya huda sabo.

Mista Stamper ya bushe da dariya, ya ce wa mutane matar direba ce, ta zo da cokalinta. Suka yi dariya. Ya ce ba mai ɓata masa fenti saboda mafarkin mace. Dewey ya yi ja har wuya, ya ce Verna, don Allah ki koma mota. Mista Ledford ya dube ni, ya ce in ba a ga komai ba fa? Sai Gwaggo Opal ta matso ta ce ita ce matar Harlan Caudill. Ya cire fensir ɗin daga kunnensa. Ashe yana filin a ranar da Kawu Harlan ya rasu. Bai ƙara tambaya ba, ya aika a kawo injin huda.

Ka san ƙarfen kirki sai an danna, sai an jira. Wannan kuwa, Mista Ledford yana ɗora bakin injin ya faɗa ciki, har hannunsa ya bugi bakan. Ya ƙara hudawa a sama, daidai saitin kan direba, nan ma haka. Ba wanda ya sake dariya. Ya mayar da takardar aljihu, ya ce motar nan ba za ta taka layi ba, gobe ko jibi.

Mista Stamper ya ce shi bai san komai ba, haka ya karɓe ta daga mai walda. Mista Ledford ya tambaye shi wane mai walda. Ya ce ya manta. Yana faɗa yana kallona.

Dewey ya shiga motar ya zauna a kujerar, ya ɗaga kai yana kallon ramin da ke saman kansa. Ya sa ɗan yatsa ya danna bakin, ƙarfen ya lotsa. Har yanzu bai yi mini magana ba, amma da muka dawo shi ya ɗauko Nettie, kuma tun ɗazu bai sauke ta ba.

Ban san ko na gode maka ba ne ko me. Ka aiko da katin, wannan na riƙe. Amma kwana shida wasiƙata ta farko ta yi a aljihunka, ina ta tunanin da ban aiko ta biyu ba fa? Ba na so in san amsar, kuma ina so.

Har yanzu so nake ka zo. Ka bar injin hudar a gida, an riga an yi aikinsa.

Ki huta lafiya Mama, in Baba ya karanta miki nan wurin. Allah ya ƙara sauƙin tarin.

'Yarka,
Verna

Na sa an ƙara wannan a ƙasa don kada ka zo kana tunanin wa ya sani, wa bai sani ba. Mista Ledford inda zai huda kawai na gaya masa, ban ba shi suna ba. Dewey na gaya masa duka a hanya, na nuna masa katinka. Mama ban gaya mata ba, wannan naka ne. Gwaggo Opal kuwa, Baba, ka duba rubutun nan ka ga hannun wa ne.