Na Amsa Kiran Marigayi Mijina a Wasan Rediyon Jikata

Don Allah 'yata mai ba da shawara, ki taimake ni, ina cikin tsoro. Yau kwana shida ke nan abinci ba ya wuce min maƙogwaro. Ni ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa ba. Maƙwabciyata mai ɗinki ce take rubuta min wannan, ita ce dama take karanta mana filin nan naki in mun zauna a shagonta. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, kar ta gyara min magana.

Ina da jika, 'yar ɗana ce, a hannuna ta tashi tun tana shekara huɗu da uwarta ta rasu. Aku muke ce mata, don bakinta ba ya hutawa. Yanzu tana shekarar ƙarshe a jami'a, tana koyon aikin rediyo. Malaminsu ya raba su biyar-biyar, ya ce kowane rukuni ya shirya wasan kwaikwayo na rediyo, da shi za a auna su kafin a ba su takardar gamawa. Su Aku suka ce nasu labarin abin da zai faru ne nan da shekara ɗari biyar. Wai ruwa ya ƙare a duniya, mutane duk sun hau wani jirgi mai girman gari sun nufi wani tauraro, sai tsohuwa ɗaya ta ƙi tafiya, tana gadin rijiyar ƙarshe. Na ce ke Aku, wa ya ba ki labarin shekara ɗari biyar, ke da ba ki san inda kika ajiye takalminki jiya ba? Ta ce ai ba duba ba ne, 'yar tsohuwa, ƙirƙira ce kamar tatsuniya, sai dai ita wannan gaba take kallo. Na ce to, tatsuniya kam na sani.

A ɗakina suka yi aikin, wai ya fi ko'ina shiru. Suka jingina katifu a bango, suka rataye barguna a taga, suka kashe fanka, muna ta zufa. Murfin tukunyata shi ne ƙofar jirgi. Keken ɗinkin wannan da ke rubutawa shi ne injin jirgin, ga ta nan tana dariya. Shinkafa suka riƙa zubawa a faranti wai ruwan duwatsu ne a sararin sama, na ce a tattare min abata in an sauka. Wallahi na ji daɗin kwanakin nan, gidan ya cika da hayaniya kamar da.

Sai suka ce ni zan yi tsohuwar rijiya. Tunda ban iya karatu ba, Aku take faɗa min magana, ni kuma in maimaita a bakin abin ɗaukar murya. Ni kaɗai a ɗaki, ba abokin magana. Na ce wai da wa nake zancen nan? Ta ce ke dai faɗi, haka ake yi, kowa a ɗauki nasa daban, daga baya a ɗinke su. Magana ta ƙarshe da ta ba ni ita ce, "Na ji ka, ga ni nan tafe." Sau bakwai na faɗa, don wani karon mai babur ya wuce, wani karon dariya ta kama ni. Sau bakwai, 'yata. Ki riƙe wannan.

Bari in koma baya, kar in rikita ki. Maigidana direban babbar mota ne, sai ya yi wata biyu bai dawo ba. Da yake ya san ban iya karanta wasiƙa ba, kuma ba ya son wani ya karanta min sirrinmu, sai ya riƙa ɗaukar muryarsa a kaset yana aiko min. Ya ba ni labarin hanya, ya yi faɗa a kan 'ya'ya, ya tambayi akuyarsa kafin ya tambaye ni. Kaset goma sha ɗaya suka rage, suna cikin gwangwanin biskit a ƙarƙashin gadona. Shekara goma sha huɗu da rasuwarsa, Allah ya jiƙansa. Kwanakin baya Aku ta ce in ara mata ta zuba su a kwamfuta kar su lalace. Na ce ɗauki, ai kakanki ne, yi abin da kika ga dama. Da bakina na faɗi haka.

Ranar Talata da la'asar suka taru su biyar, suka zaunar da ni a kujera, suka ɗora min abin nan na kunne, suna ta ƙyafta wa juna ido. Na ji ƙarar jirgi, na ji muryata, har ina cewa ashe haka nake magana kamar tsohuwar agwagwa. Can wajen ƙarshe sai aka yi shiru. Sai na ji shi. Maigidana. Muryarsa sak, har yadda yake jan ƙarshen magana. Ya ce, "Masoyiyata, na ajiye miki wuri a nan. Ki bar rijiyar nan ki taho." Kafin in ja numfashi sai na ji kaina na ce, "Na ji ka, ga ni nan tafe."

Yaran suka hau tafi. Aku ta rungume ni ta ce kyauta ce ta yi min, ta dawo mana da kakanta na minti ɗaya. Na yi yaƙe na ce ya yi kyau, Allah ya yi albarka. Na lallaɓa na shiga bayi, na dafa bango har na daɗe.

Ki ji dalilina. Mahaifiyarmu ta sha gaya mana, in mamaci ya kira ka a mafarki kar ka amsa, in ka amsa ka bi shi. Kuma na gani da idona. Yayata ta yi mafarkin babanmu yana kiranta daga bakin ƙofa, ta ce ga ni nan, ta ba mu labari da safe tana dariya, wata bai mutu ba muka yi zaman makokinta. Ita ma a mafarki ne, sau ɗaya. Ni kuwa ido biyu, sau bakwai.

Akwai ƙawar Aku a cikinsu, 'Yar Tabarau nake ce mata, ita ce mai haɗa muryoyin. Ta yi min bayani wai kwamfuta ce ta saurari kaset ɗin nan har ta koyi muryar, su rubuta magana ita kuma ta faɗa. To in ba shi ba ne, me ya sa tsikar jikina ta tashi? Kuma abin da ya fi ba ni tsoro, maigidana bai taɓa buɗe baki ba sai ya yi gyaran murya sau biyu, ƙurar hanya ta ɓata masa ƙirji. Wannan kuwa tas, ba tari ko ɗaya. Na ce ai dama an ce can ba ciwo. Sannan shekara arba'in da ɗaya muna tare bai taɓa ce min masoyiyata ba, kunya ma ba za ta bar shi ba. Sarauniyar Nawa yake ce min, don in za mu fita sai ya yi ta danna min hon a ƙofar gida ina ɗaura ɗankwali, yana cewa har mota ta tsufa. Na ce ashe in mutum ya je can har hali yake sakewa.

Yanzu ga laifina, rubuta, kar ki tsallake. Na ji 'Yar Tabarau tana cewa aikin gaba ɗaya yana cikin wani ɗan abu kamar ɗan yatsa da suke sokawa a kwamfuta, ba su kai ga kwafe shi wani wuri ba. Washegari da safe Aku tana wanka, na ɗauke shi daga kan teburinta, na ƙulle a ƙyalle, na sa a gwangwanin kaset. Sau biyu na ɗauko taɓarya in murƙushe shi, hannuna ya ƙi, gani nake kamar shi zan daka.

Aku ta birkice gidan nan kaf. Ta ce 'Yar Tabarau ce ta yi sakaci, waccan ta rantse a tebur ta bari, yanzu ba sa magana, su da tare suke tun shekarar farko. Saura kwana tara su miƙa aikin, in ba su miƙa ba su biyar za su maimaita shekara. Jiya ta kwanta a cinyata tana kuka, ina shafa kanta, abin yana ƙarƙashin gadon da muke kai. Ni da ban taɓa ɗaukar allurar wani ba.

In na mayar, za a sa shi a rediyon makaranta, ya kira ni a gaban duniya ni kuma in amsa, ƙannensa ma su ji ana sa shi faɗar abin da bai faɗa ba. Ko ina da alhaki a kansa, tunda ni na ba da kaset? Kuma ni ma ga muryata a hannunsu, in na mutu me za su sa ni in ce? In kuma ban mayar ba na kashe wa yarinyar nan shekara. Har na fara ware zannuwana, wannan na wance, wannan na wance. Ba mutuwar nake gudu ba, kowa zai je, amma ina so in ga ranar da Aku za ta karɓi takardarta. Ki gaya min abin yi.

Taki,
Tsohuwar Rijiya

Amsa

Kaka, sannu da wannan nauyi. Ki fara da cin abinci kafin a gama karanta miki amsar nan, kuma gobe maƙwabciyarki ta raka ki asibiti a auna jininki. Kwana shida ba ci a shekarunki ya fi duk wata murya haɗari.

Ba maigidanki ne ya kira ki ba, kuma ke da kanki kika kawo shaida. Babu gyaran muryarsa, babu Sarauniyar Nawa. Na'urar ta kwaikwayi sautinsa ne kawai, kamar yaron da ke kwaikwayon tafiyar babansa. Kalmomin kuwa na 'yan makaranta ne da suka zauna suka rubuta, shi ya sa aka sami masoyiyata. Ke ma ba shi kika amsa wa ba. Katifa da bargo kika amsa wa, tun kafin a haɗa muryar. Allah ya jiƙan yayarki, amma lokacinta ne ya yi. Da yawa sun yi irin mafarkinta sun ga tattaɓa-kunne, su dai ba a ba da labarinsu. Ajali ba ya jiran kaset.

Duk da haka ban ce damuwarki banza ba ce. Aku ta yi kuskure, ko da niyyarta mai kyau ce. Kin ba ta kaset ne don ta adana, ba don a sa wa mamaci magana a baki ba. Irin wannan sai an tambayi iyalinsa, an faɗa musu abin da za a sa shi ya ce. Duk mai koyon aikin rediyo ya kamata ya san haka, kuma gara ta koya daga bakinki yanzu da ta koya a wurin aiki. Ke ba ki da alhakin abin da ba ki sani ba. In har zuciyarki ba ta kwanta ba ta fuskar addini, ki tambayi malamin da kika yarda da shi.

Amma Kaka, ɓoye abin nan ya zama naki laifin. Ana zargin 'yar mutane da abin da ba ta yi ba, ga yara biyar shekararsu na rawa. Yau ɗin nan, ba gobe ba, ki kira Aku da 'Yar Tabarau tare, ki kwance ƙyallen a gabansu, ki ce ni na ɗauka, tsoro ne ya sa ni. Ki nemi afuwar 'Yar Tabarau, girma ba ya zubewa don haka. Ki ba su labarin yayarki. Aku za ta ji haushi na yini ɗaya, amma yarinyar da ta yi kuka a cinyarki ba za ta so ta ci jarrabawa da tsoronki ba.

Sannan ki faɗi sharaɗinki kai tsaye. In ba ki yarda a yi amfani da muryarsa ba, a cire. Minti ɗaya ne, kwana tara ya ishe su samo dattijo mai rai ya karanta wurin, su kuma sanar da malaminsu dalili. Ki kuma gaya wa Aku a gaban babanta abin da kika yarda a yi da taki muryar da abin da ba ki yarda ba, yanzu da bayan ranki.

Na ƙarshe, ki ce a sake jingina katifun, a sake ɗaukar amsarki. Wannan karon kar kowa ya faɗa miki abin cewa. Tsohuwar da ta ƙi bin duniya gaba ɗaya don ta yi gadin rijiya ba za ta tashi don kira ɗaya ba, ina jin wasan ma zai fi daɗi. Ki ce masa ya dakata, akwai yarinyar da za ki raka karɓar takarda. Mutumin da ya yi shekara arba'in da ɗaya yana jiranki a ƙofar gida kina ɗaura ɗankwali ya san halinki, ba zai yi mamaki ba.

Ki mayar da zannuwanki akwati, ki ware mafi kyau na ranar bikin gamawa. Allah ya jiƙan maigida, ya ba su Aku sa'a, ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, Sarauniyar Nawa.