Maganar da Na Kai Gaban Allah, Yaya Ta Isa Ofishinka?

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Sa-ido na Kan Iyaka, yankin Bagudo.

Ranka ya daɗe,

Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Sunana Rahila, malamar firamare a nan Bagudo, Kirista, matar Yohanna makaniken babur mai rumfa a bakin hanyar iyaka. Na zo ofishinka don mu yi magana a rufe, aka ce ba ka nan, alhali ga motarka a inuwa. Shi ya sa na rubuto a buɗe.

Na farko. Bayan girbin shinkafar bara kun kira taro kan tsaron iyaka, kuka ce kowa ya faɗi abin da ke ransa, ba abin da zai same shi. Mijina ya ɗauki maganarku da gaske. Ya miƙe ya faɗi abin da kowa ya sani: ɗan kabu-kabu in ya ɗauko jarka ɗaya ta fetur, a shinge ake sauke shi, a ƙwace babur, wani lokaci har da mari. Amma tankokin fetur na manya da rana tsaka suke wucewa ƙasar Benin, ana ɗaga musu hannu. Bai kama sunan kowa ba. Kai da kanka ka yi murmushi ka ce an ji.

Mako bai zagayo ba yaranka suka zo rumfa suka karɓe wayarsa, wai yana yawan kiran lambar Benin. Gaskiya ne, yana kira. Uwarsa na can ƙetare, tsohuwa mai ciwon ƙafa, kuma a yankin nan wa ya rasa dangi a can? Aka tsare shi, sai da maƙwabcinmu, wani dattijo masunci Musulmi, ya bar jirginsa ya je ya tsaya masa. Aka sake shi da sharaɗin duk Litinin ya zo ofis ya nuna fuskarsa. Har yau yana zuwa, rumfa a rufe.

Na biyu, kuma shi ne ainihin kukana. Muna da zumuntar mata a cocinmu. Ba mu da yawa, tabarma biyu ta ishe mu. Duk Alhamis da yamma muke haɗuwa, a nan mace ke faɗin abin da ba ta iya gaya wa ko uwarta, mu ɗora shi gaban Allah. Wata Alhamis na buɗe baki na ce ɗana na fari ya fara shan ƙwaya, na tsince ta a aljihun wandonsa, ko ubansa ban gaya wa ba. Na yi kuka, suka dafa ni, muka yi addu'a.

Litinin da ta biyo baya na raka mijina ofishinku. Wani jami'inka ya kira ni gefe, ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi yara. Sannan ya ce yaro mai shan ƙwaya in ya shiga hannu, fitowarsa da wuya. Ya ce zaɓe na tafe, manya ba sa son surutu, in Yohanna ya fito ya ce idonsa ne ya ruɗe shi, bai ga tanka ba, komai zai wuce. Maganar ɗana ta iso ofishinka ke nan. A hanyar gida mijina na tambayata me ya faru, a nan bakin titi ya fara jin labarin ɗansa.

Alhamis ta gaba na zauna ina kallon fuskokin matan da muka yi shekaru muna cin abinci a kwano ɗaya, ina tambayar kaina wace ce. Da labari ya bazu, aka daina addu'a da murya. In an ce wa ke da damuwa, kowa sai ta ce lafiya lau. Mai miji mai duka ta yi shiru, mai ciwon da take ɓoyewa ta yi shiru. Daga baya ma wasu suka daina zuwa.

Ana gab da Kirsimeti sai ga Ladi a gidana, ina tankaɗe. Ladi ƙawata ce, 'yar zumuntarmu, ita ta riƙe hannuna ranar da na haifi yaron nan. Mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya tal, ɗan kabu-kabu ne. Ta durƙusa a ƙasa ta ce ita ce. An kama ɗanta da jarka, aka ce za a tura shi kurkuku, sai dai in za ta riƙa kawo abin da ake faɗa a gidana da a zumunta. Da fari ta riƙa kai musu zancen banza, suka gane, suka ce a shirya motar kai shi kurkuku. Sai ta ba su labarin ɗana, aka saki nata. Ta ce da ni, "Rahila, na ɗora ɗanki da nawa a ma'auni, nawa ya rinjaya."

Na kore ta, da rariya a hannuna. Kafin fushina ya huce ta kwashi kayanta da ɗanta sun ƙetare iyaka, don kunya da tsoronku. Tun daga ranar nake tambayar kaina abin da zan yi da ni aka tsare a matsayinta, kuma ban samu amsar da zan yi alfahari da ita ba.

Na uku. Ban ce kada a tsare iyaka ba. Mu ma muna tsoron 'yan bindiga, muna kuma yi wa masu mulki addu'a kowace Lahadi. Amma bangaskiyata ta koya mini cewa zuciyar ɗan Adam karkatacciya ce, tawa da ta Ladi da taka. Allah kaɗai ke ganin komai, kuma da ya ga abin da ke cikinmu, Almasihu ya aiko ya mutu dominmu. Mutum kuwa in ya san sirrin ɗan'uwansa, igiya yake yi da shi. Shi ya sa bai kamata a ba ɗan Adam ikon leƙa cikin kowa ba, alhali shi ba mai leƙa nasa. Kunnen da ya ji raɗar mace a kan tabarma, yaya aka yi bai ji ƙarar tanka a kan kwalta ba? Ko dai ba ka san abin da yaranka ke yi da sunanka ba, ko ka sani. Duka biyun ba mai daɗi.

Ga roƙona. A mayar wa mijina wayarsa, a sallame shi daga zuwan Litinin, ko a kai shi kotu in yana da laifi. Ya ce in gaya maka ba zai janye maganarsa ba, abin da ya gani ya gani. A fitar da ɗana daga wannan rigima. Yana shan magani, ni da ubansa muna kansa. A janye kunnuwa daga wuraren ibada, coci ko masallaci. Sannan ka faɗa a bainar jama'a cewa Ladi da ɗanta na iya dawowa ba mai taɓa su. Na yafe mata, amma ba ni da hanyar sanar da ita, don ina tsoron kiran lambar Benin.

Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya tsare 'ya'yanka daga abin da ya sami nawa, ya ba ka tsoronsa kafin ranar da babba da ƙarami za su tsaya gabansa ba ɗan rakiya.

Ba wanda ya sa ni, ba wanda ya taya ni rubutu. Ga sunana a ƙasa, don kada a sake kama ɗan wata a tambaye ta wa ya rubuta.

Wassalam.

Rahila, matar Yohanna makanike,
Bagudo.